Fitila Ma Tana Son Riga

Mu mutanen zango mun san sutura. Ko a Nima ne, ko a Sabon Zango na Ankara, ko a zangunan Kumasi da Tamale, ba a raina mu wajen sa kaya ranar Juma'a ko ranar Idi. Muna yi wa gado riga, mu yi wa kujera riga, mu rufe abinci da faifai, mu ɗinka wa Alƙur'ani gafaka. Har talabijin ma akwai gidajen da ake lulluɓe ta da ƙyalle idan ba a kallo. Abu ɗaya muka bari tsirara a tsakiyar ɗaki, kuma shi ne wanda ido ya fi cin karo da shi tun daga magariba har zuwa barci, wato ƙwan lantarki. Yana nan rataye a bakin waya, fari fat, yana watsa haske kamar mai watsa ruwa da bokiti, mu kuwa muna zaune a ƙarƙashinsa muna ƙanƙance ido, mun ɗauka haka aka halicci haske.

Tarihi ne ya kawo mu nan. Kakanninmu da suka biyo hanyar goro zuwa Salaga da Kintampo, da fitilar kasko suka san dare: ɗan kasko, da man kaɗe ko man gyaɗa, da lagwani na auduga. Bayanta acibalbal ta zo da gwangwaninta da kananzir, sannan fitilar ƙwai mai gilashi. Kada kewa ta ruɗe mu game da wancan zamani. Hayaƙin ya baƙanta hanci da rufin ɗaki, ya sa yara tari, kuma da wuya a sami zangon da ba shi da labarin gobarar da ta tashi daga fitilar da aka yi barci ba a kashe ba. Ranar da wayar wuta ta shigo gida guɗa aka yi, kuma an yi daidai.

Ƙwan da ya fara zuwa mai zare ne a ciki, haskensa ja-ja, jikinsa zafi kamar garwashi. A 2007, da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya wuta ta yi ƙaranci, gwamnati ta raba ƙwai miliyan 6 masu tsimin wuta kyauta, aka canza tsofaffin. Sai shekarun dumso suka biyo baya, suka cika gidajenmu da fitilun caji na ƙasar Sin, daga nan ƙwan LED ya gaje ɗakin baki ɗaya. Kowane mataki a cikin waɗannan ya rage mana kuɗin wuta, kuma kowannensu ya ƙara wa hasken fari da kaifi. Wanda ya duba kwalin ƙwan zai ga lamba da harafin K a gefenta, ma'aunin launin haske ke nan. Harshen kyandir bai kai 2000 ba, tsohon ƙwai mai zare wajen 2700 yake, wanda muka fi saye yanzu kuwa 6500 aka rubuta masa, fari ne mai ratsin shuɗi irin na tsakar rana. Mu dai idan mun je shago tambayarmu ɗaya ce, wanne ya fi haske. Mun mai da haske kamar hatsi, ana awonsa da mudu. Ido kuwa, in ji masu magana, ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Ga abin da idon ya sani wanda bakinmu bai iya faɗa ba. Mutumin da ke zaune a inuwar darbejiya da azahar, hasken da ke kewaye da shi ya ninka na ɗakinmu da dare sau da yawa, amma idonsa a sake yake, har gyangyaɗi yake yi. Dalili shi ne hasken yana iske shi ta kowane gefe, daga sama, daga ƙasa, daga bangon maƙwabta, babu wuri ɗaya da ya tsone masa ido. Ƙwan da ba shi da riga kuwa duk haskensa daga ɗigo ɗaya yake fitowa. Ɗigon ya fi ƙarfin ido, abin da ke bayansa ya yi duhu, sai ƙwayar ido ta rasa wanda za ta bi, ta tsuke saboda ɗigon ko ta buɗe saboda duhun. Inuwarsa ma kaifi gare ta kamar an yanka da wuƙa. Idan yana saman kai, sai ya zurfafa ramin ido, ya fito da kowace tamoji, amaryar jiya ta koma kamar mai jinya. Aikin rigar fitila shi ne ta karɓi wannan ɗigo ta shimfiɗa shi a kan fili mai faɗi. Gwargwadon faɗin wurin da haske ke fitowa, gwargwadon laushin inuwarsa.

Abin da aka yi rigar da shi kuma shi ke yanke hukunci. Jiki mai santsi, kamar madubi ko tayil, yana mayar da haske ta hanya ɗaya tak, yadda ya zo haka yake komawa, shi ya sa yake walƙiya. Jiki mai kaushi kuwa ƙananan tudu da kwari ne da ido ba ya rarrabewa, kowanne yana jefa nasa rabon hasken wani gefe dabam, sai hasken ya bazu ya yi sanyi. Mu kuma a 'yan shekarun nan mun bi ɗakunanmu mun shafe duk wani kaushi: tayil a ƙasa, fenti mai sheƙi a bango, gilashi a kabad. Ƙwai ɗaya muka rataya, amma biyar muke gani. Wannan ya sa muke tunanin jeren iyayenmu mata. Tasoshi da kwalla da langa da aka jera har rufi, a zamanin fitila mai harshe ɗaya, kowane murfi yakan kama ɗan harshen ya maimaita shi, ɗaki ya cika da ƙananan taurari masu motsi. Wancan ado da ƙaramin haske aka auna shi. A ƙarƙashin farin ƙwai sai ya koma kamar shagon mai sayar da kwanoni.

Turawa sun riga mu shiga wannan damuwa, domin sun riga mu samun lantarki. Poul Henningsen, mutumin Denmak da aka haifa a 1894, a hasken fitilar kananzir ya tashi, kuma da ƙwan lantarki ya zo da kaifinsa sai ya ƙare rayuwarsa yana neman yadda zai dawo da wancan laushi ba tare da hayaƙin ba. Fitilarsa ta ci lambar zinariya a baje kolin Paris na 1925. Dabararsa ita ce ya jera faranti uku masu lanƙwasa, hawa bisa hawa, ta yadda haske zai bugi wannan ya faɗa kan wancan kafin ya sauko. A 1958 ya yi wa wani gidan cin abinci na bakin teku a Kopenhagen wadda ake kira Artichoke, mai ganyen jan ƙarfe 72 a jeri 12, shida a kowane jeri. Ta duk inda mutum ya tsaya ba zai ga ƙwan ba, haskensa kawai zai gani. Har yau kamfanin Louis Poulsen yana ƙera ta, kuma kuɗinta ba na talaka ba ne. Ka'idar dai kyauta ce, a ɓoye ƙwan, a bar haske ya bi ta jikin wani abu kafin ya iso ido.

Wanda ya fi kama mana hankali shi ne Isamu Noguchi, masassaƙin da aka haifa a Amurka a 1904, uwa Ba'amurkiya, uba mutumin Japan. A 1951 ya je garin Gifu, garin da ya yi suna wajen fitilun takarda irin waɗanda ake sa wa kyandir a ciki. Sana'ar tana durƙushewa a lokacin, sai magajin garin ya nemi ya taimaka. Noguchi bai kawo musu sabon abin aiki ba. Ya bar musu takardarsu ta hannu da ake yi daga ɓawon cikin wata bishiya, ya bar musu siraran tsinken gora da ake naɗawa a jikin wani ƙirar katako, a manna takardar a kai, idan ta bushe a warware katakon a zare shi ta baki. Abin da ya yi shi ne ya cire kyandir ya sa ƙwan lantarki, ya canza siffa, wata kamar wata ɗan daren sha huɗu, wata doguwa kamar turmi, wata a karkace da gangan, ya ɗora wasu a kan siraran ƙafafun waya. Ya sa musu suna Akari, kalmar da ke nufin haske a harshensu. Ya zana iri fiye da 100 kafin rasuwarsa a 1988, kuma har yanzu a Gifu ake yin su da hannu.

Sirrin yana cikin takardar. Zarurrukanta dogaye ne, sun kwanta barkatai, wani wuri kauri wani wuri sirantaka. Haske idan ya shiga sai ya yi ta karo da su yana canza hanya, kafin ya fito ya manta daga inda ya taso, sai fitilar gaba ɗaya ta zama ita ce ƙwan. Farar roba ma tana baza haske, amma nata shafe yake kamar bangon asibiti. Na takardar hannu yana da gajimare a ciki, ga kuma layukan goran suna kewaye shi, ido ya sami abin da zai sauka a kai ya huta.

Duk wanda ya san tandu zai ji wannan bayani bai zame masa baƙo ba. Masu tandu sukan gina siffar da yumɓu, su lulluɓe ta da ɗanyar fata da aka jiƙa, idan ta bushe su fasa yumɓun su zazzage shi ta baki, sai fata ta tsaya da kanta. Ɗaga tsohon tandun mai a rana, za ka ga haske yana ratsa shi da launin zuma. A garin Multan na Pakistan da fatar raƙumi suke yin haka, su zana mata furanni, su sa ƙwai a ciki, ta zama fitilar da ake kai wa ƙasashe. A Maroko fatar akuya suke ɗaurewa a jikin ƙarfe su yi mata zane da lalle. Mu namu tandun ya tsaya a kan kwalli da man shanu, da roba ta zo kuma ta kore shi daga kasuwa. A Alƙahira ta zamanin Mamaluka, fitilun masallaci na gilashi ne da aka yi wa rubutu da launi, sau da yawa aya ta 35 ta Suratun Nur ake rubutawa, harshen wuta yana ciki yana haska haruffan daga baya. Ashe musulmi ma sun daɗe da sanin cewa fitila abar yi wa ado ce.

Ƙwarya kuwa nata halin dabam ne, domin haske ba ya ratsa ta sai inda aka ba shi ƙofa. Idan an huda ta, kowace huda takan jefa ɗigon haske a bango, ɗaki ya cika da zane. A nan akwai abin da masu sayar wa 'yan yawon buɗe ido ba kasafai suke faɗa ba: kowace huda hoton ƙwan da ke ciki take jefawa. Idan ƙwan ƙarami ne mai gilashi garau, zanen zai fito tsaf. Idan babba ne mai farin jiki, sai zanen ya narke ya zama dishi-dishi, mai saye ya ce an cuce shi. Gwanayen kuma suna da wata dabara ta uku, su kankare bayan ƙwaryar har ta yi siriri ba tare da sun huda ba, wurin sai ya yi ja kamar garwashi idan an kunna. Mutanen da suka iya ƙona zane a bayan ƙwarya da wuƙa mai zafi, da gyartai mai ɗinke fasasshiya, wannan aiki bai fi ƙarfin hannunsu ba.

To, ga wanda ya fi kusa da mu. Kwandon Bolga ba namu ba ne, na maƙwabtanmu Frafra ne, kuma ya kamata mu faɗi haka a sarari. Mu dai mun saya, mun sayar, mun kai cefane a ciki. Su ne suke tsaga tsinken ciyawa biyu, su murza shi a cinya ya zama igiya, su rina a tafasasshen ruwa, su saƙa. Wani mai zanen kaya na birnin Madrid, Álvaro Catalán de Ocón, ya fara wani aiki a Kolambiya a 2012 mai suna PET Lamp: a ɗauki gorar roba da aka yar, a tsattsaga jikinta ya zama zaren tsaye, a bar wuyanta ya riƙe ƙwai, masaƙan gargajiya su saƙa nasu a kai. A 2019 aikin ya iso Bolgatanga tare da masaƙan kamfanin Baba Tree. Fitilun da suka fito daga nan suna rataye a gidajen cin abinci da otal-otal na Turai. Murɗaɗɗiyar ciyawar tana kama haske a kowane murɗi, gefe ɗaya ya yi zinariya, ɗaya ya yi inuwa, ramukan saƙar kuma su yayyafa wa rufi zane. Motar da ke ɗauko irin waɗannan kaya zuwa tashar jirgin ruwa ta Tema, ta gefen unguwanninmu take wucewa. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Akwai tsohon miki a nan da ya sa maganar ta dame mu. Ɗaruruwan shekaru jar fatar akuyar Sakkwato tana ƙetare Sahara, Turawa suna saye da sunan fatar Maroko, sunan majemin da ya jeme ta bai taɓa ƙetare hamada ba. Aikin da ake ambaton masaƙa da garinsu ya fi wancan adalci nesa ba kusa ba. Amma ko an ambace su, muddin duk mai sayen yana ƙetaren teku, to sana'ar tana rataye ne da abin da ake yayi a can, yayi kuwa ba ya zama. Ranar da suka gaji da ciyawa suka koma wani abu, mai saƙa zai waiwayo gida ya tarar kowa ya saba da roba. Haka ya faru da tandu, haka yake faruwa da faifai a hannun 'yan tsofaffin da suka rage suna ɗinka shi a zangunanmu, jikokinsu kuwa ba su ga dalilin koyo ba.

Mun san abin da wani zai ce: wannan zancen ƙosassu ne, mutumin da ke haya a ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar ina ruwansa da laushin inuwa. Rabin maganarsa gaskiya ce. Tela yana bukatar haske mai ƙarfi a kan allura, yaro yana bukatarsa a kan allo da littafi, mai koko da ke fita kafin asuba tana bukatarsa, lungun da ɓarayi ke bi ma haka. Kowace riga kuma tana cin wani kaso na hasken, mai duhun rini ta fi ci. Sai dai mai ɗaki ɗayan shi ya fi kowa shan wahalar ƙwai tsirara, domin ɗakin nasa ƙarami ne, rufin a kusa, ƙwan kusan a goshinsa yake. A nan jariri ke kwance rigingine yana kallonsa kai tsaye. A nan tsohuwa mai yanar ido take, ita da kaifin haske ke ƙara wa hazo a gani. Kuma masana sun tabbatar cewa haske mai ratsin shuɗi da dare yana jinkirta sinadarin da ke kawo wa jiki barci. Fitilar aiki dabam, fitilar zama dabam, mu ne muka ɗora wa ƙwai ɗaya aikin biyu.

Abin mamakin shi ne ƙwan LED ɗin da ya kawo kaifin, shi ne kuma ya buɗe ƙofar gyara. Da can ba mai hankalin da zai kifa kwandon ciyawa a kan acibalbal, ko a kan ƙwai mai zare wanda mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama. Na yanzu ana iya taɓa shi yana kunne. Shi ya sa ciyawa da takarda da ƙwarya suka dawo kasuwar fitilun duniya a wannan zamani. Duk da haka yana son iska, domin gindinsa yana ɗumi, kuma zafi ne ke kashe shi da wuri, don haka a bar tazara tsakaninsa da rigar, a bar kafa a sama. A nemi wanda aka rubuta wa 2700K ko 3000K, yana nan a shagunan kayan wuta, sai dai a tambaya. Farin 6500 idan ya bi ta cikin ciyawa launin toka yake ba ta, kamar an wanke ta da ruwan sabulu.

Kayan kuma kowanne da inda ya dace. Kwando mai faɗin ido yana yin zane a bango, ya yi kyau a zaure ko baranda, amma ba a karatu a ƙarƙashinsa, domin zanen zai hau kan takarda. Asabari idan an naɗe shi kamar ganga layi-layi yake fitarwa. Faifai ɗinkinsa a matse yake, haske ba ya ratsa shi, don haka aikinsa irin na farantin Henningsen ne: babba a sama ya maido da haske ƙasa, ƙarami a ƙarƙashin ƙwan ya tare ido, fuskar da ba a rina ba ita ke kallon ƙwan. Magina na da sun san wannan tun kafin a haifi Henningsen, shi ya sa suke barin alkuki a jikin bango, fitila ta zauna a ciki, iska ba ta kashe ta ba, ƙasar bangon mai kaushi kuma ta karɓi harshen ta bazo shi cikin ɗaki.

Wahalar da ke ciki ƙura ce. Da hunturu kowane rami na saƙa sai ya cika, gizo-gizo ya yi gida, hasken ya dushe a hankali ba a lura ba. Sai an sauke ta lokaci-lokaci an kaɗe da busasshen buroshi, ba a sa mata ruwa, kada rinin ya zuba ko ciyawar ta yi funfuna. Wanda zai ba tsohuwa aikin faifan fitila kuma ya tafi mata da mariƙin ƙwan a hannu, domin daga tsakiya ake fara ɗinkin faifai, kuma idan ba ta auna ramin tun a zagayen farko ba, huda shi daga baya warware ɗinkin yake yi.